Akwatin Gwaggo: Me Za Mu Kalla a Gida Ranar Asabar?

Assalamu alaikum. Wasiƙun watan nan kamar kun haɗa baki, kusan duk a kan kallo suka zo. Na ware guda shida, sauran za su tsinci amsarsu a ciki. Sababbin masu bibiyar filin nan su sani ni malamar firamare ce, shekara 31 na yi a aji kafin na ajiye alli. Kallo kuwa da shi na tashi, ko da yake mu 'yan mata a Kano ba a barinmu zuwa silima. Yayyenmu maza ne ke satar jiki su tafi Plaza ko Orion, su dawo su ba mu labari a tsakar gida har da kwaikwayon faɗan. Da bidiyo ya shigo gidaje sai ɗaki ya zama silimarmu. Lokacin da Sangaya ya fito a 1999 ina gidan aurena a Gwammaja, ranar da aka karɓo hayar kaset ɗin mata sun fi goma a ɗakina, wasu da goyo, wasu a bakin ƙofa suna leƙe, kowa na jin takaicin wulaƙancin da ake yi wa Zubaina kamar ƙanwarta ce. Irin wannan zaman nake tunawa duk sanda aka tambaye ni fim.

*Gwaggo, yarana huɗu, babban shekararsa 15, auta 7. Maigidana a Abuja yake aiki, sai ƙarshen mako yake zuwa. In ya zo kowa na kan waya, har shi. Ina son fim ɗin da za mu zauna mu shida mu kalla ba tare da na riƙa zabura ina neman rimot ba.*
Uwar gida, Funtuwa

'Yata, taki na fara ɗauka don ita ta fi taɓa ni. Ki nemi wani fim na ƙasar Iran mai suna Children of Heaven, wanda Majid Majidi ya ba da umarninsa, ya fito a 1997. Labarin takalmi ne kawai. Yaro Ali ya karɓo takalmin ƙanwarsa Zahra daga wurin mai gyara, ya ajiye a bakin shagon mai kayan miya zai zaɓi dankali, mai kwasar bola ya haɗa da shi ya yi gaba. A gida uwa ba lafiya, ana bin su kuɗin haya, babu halin sayen wani. Yaran suka ƙi faɗa wa iyayen. Da daddare suna zaune kamar masu aikin makaranta, ashe a littafi suke rubuta wa juna magana suna miƙawa, har suka tsayar da shawara: Zahra ta sa takalmin Ali ta je makarantar safe, ta dawo a guje ta same shi a lungu ta cire masa, shi kuma ya zura ya ruga tasa makarantar. Kullum a makare yake isa, kullum cikin fargabar shugaban makaranta.

Akwai wani wuri da nake so ki lura da fuskar maigidanki idan an zo shi. Uban yaran yana zaune yana faffasa curin sukari na masallaci, aikin da aka ba shi ke nan, ga tulin sukari a gabansa. Aka kawo masa shayi, sai ya ce a ɗebo masa sukari na gida, don wannan amanar masallaci ce. Ba a yi wa'azi ba, ba a tsaya bayani ba, aka wuce. Jikana da muka kalla tare, bayan kwana biyu shi ya tayar mini da zancen wurin nan da kansa.

Can gaba Ali ya ji ana gasar gudu ta yaran makarantu, kuma cikin kyautar wanda ya zo na uku akwai takalmi. To ka ji inda gizo ke saƙar: ba na ɗaya yake so ba, ba na biyu ba, lalle sai na uku. Ba zan faɗa miki yadda ta kaya ba. Fim ɗin bai wuce awa ɗaya da rabi ba, babu wurin da za ki nemi rimot, kuma ya kai cikin fina-finai biyar na ƙarshe a rukunin harsunan waje na gasar Oscar ta 1999. Da Farisanci ake magana, fassarar tana fitowa a rubuce a ƙasan allo. Kada wannan ya dame ki. Ki ba babban yaron aikin karantawa yana mayar wa ƙannensa da Hausa. Za ki ga yadda zai gyara zama, an ba shi girma.

Sati na gaba kuma ku ɗauki The Boy Who Harnessed the Wind, yana Netflix tun 2019. An gina shi a kan labarin gaskiya na William Kamkwamba, wani yaro a ƙauyen Wimbe na ƙasar Malawi, wanda aka kora daga makaranta saboda kuɗin makaranta a shekarar da yunwa ta sauka. Ya ci gaba da shiga ɗakin karatu, ya koyi yadda iska ke ba da lantarki, ya haɗa tarkacen bola da keken ubansa ya ƙera fanka mai jawo ruwa zuwa gona. Rigimarsa da uban a kan keken nan ita ce zuciyar fim ɗin, domin uban ba mugu ba ne, keken ne kaɗai abin da ya rage masa. Sai dai akwai yunwa da mutuwa a ciki, har karen yaron bai tsira ba. Auta ta zauna a jikinki.

Batun waya kuwa, kada ki yi wa maigida magana a gaban yara. Ranar Juma'a da daddare, bayan ya ci abinci ya huta, ki roƙe shi arziki ku biyu: awa biyu kacal kike so ranar Asabar bayan Isha'i. In shi ya fara ajiye tasa wayar a kan tebur, babu yaron da zai yi gardama.

*Gwaggo, ni ɗalibi ne, data ta fi ƙarfina. Fim ɗaya nake kallo ta ƙare. Ga masu tura fim a waya a bakin makaranta, da kuɗi kaɗan sai su cika maka memori. Laifi ne in na je wurinsu?*
Ɗalibi, Samaru Zariya

Ɗana, bari mu fara da datar. Yawancin abin da ke cinye ta ƙarfin hoto ne, kuma kai ke da ikon rage shi. Lissafin da kamfanin Netflix da kansa ya fitar ya nuna kallon awa ɗaya a matakin ƙasa yana cin kusan 0.3 GB, a matsakaici 0.7 GB, a hoto mai ƙarfi kuwa yana iya kaiwa 3 GB. Ka ga fim ɗin awa biyu zai iya cin 0.6 GB, zai kuma iya cin 6 GB, ninki goma, alhali a fuskar waya bambancin bai taka kara ya karya ba. A YouTube ma haka ne: ka taɓa alamar saiti a saman hoton, ka zaɓi 360 ko 240, kada ka bar shi ya zaɓa maka. Ka kashe abin nan da ke sa wani bidiyo ya tashi da kansa in na farko ya ƙare, don mutane da yawa barci ke ɗauke su data na zuba. Sannan kamfanonin waya suna da tsarin datar dare mai rahusa. Ba a fafe gora ranar tafiya: abin da za ka kalla Asabar ka sauke shi a cikin manhajar tun daren Alhamis, ka yi caji, ranar ko an ɗauke wuta ko sabis ya yi rauni babu ruwanka.

Tambayarka ta biyu ba zan yi maka kwana-kwana ba. Idan mai fim bai ba da izini ba, haƙƙinsa ake ci, kai da mai turawar duka. Na ga zamanin da kasuwar fina-finai ta Ƙofar Wambai ke cika maƙil ranar da sabon fim ya fito, na kuma ga yadda shagunan suka koma sayar da wasu kaya bayan tura fim a waya ya kashe faifai. Ba jarumai kaɗai abin ya shafa ba. Mai riƙe fitila, mai ɗinka kaya, mai dafa wa 'yan fim abinci, direban da ke kai su, duk a nan suke ci.

Abin da ya sa na ce ba ka da uzuri shi ne masu sana'ar sun kawo maka kayan kyauta har gida. Labarina na Aminu Saira, wanda aka fara a 2020, yana tashar Saira Movies a YouTube. Izzar So yana Bakori TV. Idan ka kalla a tashar mai shi, tallar nan da ke fitowa ita ke biyansa, kai ba ka ba da ko kwabo ba bayan datarka. Ka dai duba sunan tashar da kyau, don akwai masu kwashe aikin mutane su ɗora a tasu. In kuma Allah ya hore ɗan abu, akwai Northflix da manhajar Arewa24, waɗanda na Hausa ne zalla, ana biyan kuɗi a kalla.

Shawara ɗaya: ku haɗu ku huɗu ko biyar a ɗaki ɗaya, kowa ya kawo ɗan abin da zai iya, a sayi data ɗaya a kalla a kwamfutar wani. Ya fi arha, ya kuma fi daɗi.

*Hajiya, kullum fina-finan Najeriya kuke ambata. Mu Nijar ba mu da abin kallo ne?*
Malamin lakwal, Maraɗi

Malam, ka yi gaskiya, na karɓi gyara. Kuna da shi, kun ma riga mu a wasu wurare. A 1972, lokacin da aka fara ba da babbar kyautar bikin fina-finan FESPACO a Wagadugu, ɗan Nijar ne ya ɗauke ta, Oumarou Ganda, da fim ɗinsa Le Wazzou polygame.

Wanda zan fara ba ka shi ne Sarraounia, na 1986. Med Hondo ɗan Muritaniya ya yi shi daga littafin Abdoulaye Mamani, ya kuma ci waccan babbar kyautar a 1987. Labarin Sarauniyar Aznan Lugu ne, a yankin Dogon Dutsi, wadda ta tari rundunar Faransa ƙarƙashin Voulet da Chanoine a watan Afrilu na 1899. Rundunar nan ita ce ta bi ƙasar Hausa tana ƙone garuruwa, ta yi wa Birnin Ƙonni kisan da har yau ba a manta ba, kafin sojojinsu su juya su kashe jagororin biyu a watan Yuli na shekarar a wajajen Tasawa. Abin da ya burge ni shi ne fim ɗin bai tsaya kan muguntar Bature kaɗai ba. Ya nuna sarakunan da suka zauna suna shawarar ko su mara wa matar nan baya ko su bar ta da baƙin, ya kuma nuna sojojin haya baƙar fata da suka yi wa Faransa aikin. A Burkina Faso aka ɗauke shi, shi ya sa za ka fi jin Jula da Faransanci a bakin 'yan wasan, abin da ya ɗan sosa mini rai tunda labarin namu ne. Akwai kisa a fili, don haka na manya ne da 'yan makarantar da suka mallaki hankali. Kai da kake malami, ɗalibanka na manyan aji sun cancanci su gan shi.

In kana son mai sanyi wanda za ka kalla da iyali, ga Zin'naariya na Rahmatou Keïta, 2016. Wata 'yar gidan sarautar Damagaram ce ta dawo daga karatu a Turai, zuciyarta na wurin saurayin da ta haɗu da shi a can. Tana cikin jira take zama da mata iri-iri tana jin labarin aurensu da rabuwarsu. Ana jin Hausa da Zabarmanci da Fulatanci a ciki. Ba ya sauri, amma tufafi da lalle da zanen bangon gidaje kaɗai sun isa kallo. Shi ne fim na farko da Nijar ta aika gasar Oscar.

Na uku ba wasan kwaikwayo ba ne. Aïcha Macky, haifaffiyar Damagaram, ta shiga unguwar Kara-Kara da kyamara ta zauna da samarin da gari ke tsoro, ta fitar da Zinder a 2021. Da Hausa suke magana, babu ɓoye-ɓoye. Na kalle shi ina tuna yaran unguwanninmu na Kano da ake kira 'yan daba, waɗanda wasunsu ta ajina suka wuce. Irin waɗannan fina-finai sukan tashi daga wannan manhaja su koma waccan, sai ka rubuta sunan fim da na mai shi tare ka nema.

*Anti, ni amarya ce, wata biyar da aure. Angona ba ya kallon fim ɗin Hausa ko kaɗan, wai babu komai sai rawa da waƙa da kishiya. Ni kuma su nake so. Yaya zan yi mu riƙa kallo tare?*
Amarya, Kubwa

Ƙanwata, Allah ya ba da zaman lafiya. Kada ki yi musu da shi, gani ya kori ji. Ki fara da The Milkmaid na Desmond Ovbiagele, 2020. Sunan ne kawai na Turanci, maganar ciki yawanci Hausa ce da ɗan Fulatanci da Larabci. Hoton matan Fulani biyu masu tallar nono da ke bayan takardar naira goma shi ya ba mai fim ɗin tunanin labarin. Aisha da 'yar uwarta Zainab 'yan ta'adda suka raba, Aisha ta kuɓuta, amma ta koma daji da ƙafarta neman 'yar uwarta, ta tarar da ita ba yadda ta bar ta ba. Maryam Booth ce ta fito a Zainab, ta kuma ci kyautar gasar fina-finan Afirka ta AMAA da wannan fitowar. A Taraba aka ɗauke shi, tsaunuka da ciyawa kore shar, kyan wurin yana ƙara wa abin ciwo. Najeriya ta aika shi gasar Oscar. Fim ne mai nauyi, ba na daren hira da dariya ba. In ɗayanku ya rasa wani a rikicin arewa maso gabas, ku yi shawara tukuna.

Idan mai son sarauta da dawaki ne, ga Mai Martaba na 2024, wanda Prince Daniel ya ba da umarni, Adam A. Zango na ciki, aka ɗauke shi a Daura. Rikicin gadon sarauta ne, da Hausa, shi ma an aika shi Oscar. Idan kuwa mai bin siyasa ne, irin mazan da ba sa rabuwa da labarai, ki kunna masa Kwana Casa'in na Arewa24 daga farko. Jihar Alfawa ƙirƙirarriya ce, amma gwamna Bawa Maikaɗa da ɗan jarida Sahabi Madugu zai ce ya san su. Na san magidanta da dama da suka shigo falo don su ce a rage murya, suka ƙare su ke tambayar yaushe za a sa na gaba.

Ki kuma faɗa masa, cikin ladabi, cewa fim ɗin Hausa ya girmi abin da yake zato. A 1976 Adamu Halilu ya mayar da littafin Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa fim, aka gyara shi aka nuna a bikin fina-finai na Barlin a 2018.

Amma ba zan bar maganar waƙa ta wuce ba. Gaskiya ne akwai fina-finan da ake cusa waƙa don a cika lokaci, ni ma sukan gundure ni. Sai dai waƙar tana da aikinta. Mu mutane ne masu kunya, saurayi da budurwa ba sa taɓa juna a fim ɗinmu, ba sa kuma iya furta wasu kalmomi ido da ido. Abin da baki ya kasa faɗa a zance waƙa ke ɗaukarsa. Ranar da ya kalli zaɓinki, mako na gaba ki bar shi ya zaɓa, ki zauna ki kalla har ƙarshe ko da na harbe-harbe ne.

*Hajiya, jikokina a nan Turanci da Tuwi suka fi ji. Ina tuna wani fim na tarihin Musulunci da na Umar Mukhtar da muka kalla da daɗewa. Sun dace in nuna musu?*
Dattijo, Zangon Kumasi

Alhaji, Allah ya ƙara girma. Duka biyun aikin mutum ɗaya ne, Moustapha Akkad, ɗan asalin Halab ta ƙasar Sham, wanda ya rasu a 2005 sanadin harin bam a wani otal a Amman, tare da 'yarsa. Na farkon shi ne The Message, na 1976. Sau biyu aka ɗauke shi da 'yan wasa daban-daban, ɗaya da Turanci, ɗaya da Larabci mai suna Ar-Risala, don haka jikokinka na Turancin za su bi. Ba a nuna Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ba a kuma ji muryarsa. Halifofi huɗu ma ba a nuna su. An dai nuna Sayyidina Hamza da Bilal da wasu sahabbai, kuma a kan wannan malamai sun saɓa tun lokacin da ya fito, sai ka tuntuɓi malaminku na Zango ka bi abin da zuciyarka ta natsu da shi. Wurin da ba na gajiya da gani shi ne tsayuwar Ja'afar a gaban Najjashi sarkin Habasha yana kawo ayoyin Suratu Maryam. Ga yaran da ke zaune da maƙwabta Kirista kamar naka, wurin nan yana da amfani ƙwarai.

Na biyun Lion of the Desert. Umar Mukhtar malamin allo ne da ya shafe kusan shekara 20 yana yaƙar Italiya a Libiya, har suka kama shi suka rataye shi a bainar jama'a ranar 16 ga Satumba, 1931, yana da shekara saba'in da 'yan kai. Akwai sansanonin da aka tsare mutane da rataya a ciki, ƙananan jikoki su jira su ƙara girma. Kowannensu ya kusa awa uku. Ka raba shi biyu, rabi Asabar rabi Lahadi, ka riƙa tsayarwa kana yi musu bayani da Hausa, ko sa tsinci harshen a bakinka.

*Gwaggo, ina son Indiya-Hausa sosai. Ina karatun malanta, yanzu haka muna koyarwar gwaji a wata firamare. Wane fim ɗin Indiya za ki zaɓa mini?*
Ɗaliba, Azare

'Yata, son fim ɗin Indiya gadonmu ne, iyayenmu ma da Mother India suka yi kuka. Masu fassara sun yi ƙoƙari, sun kai fim ɗin har ga tsohuwar da ba ta karatu. Matsalata da wasunsu ita ce ƙarin da suke yi, ashar da zancen banza da babu shi a asalin fim ɗin, don a yi dariya. In da yara za ki kalla, ki fara dubawa ke kaɗai.

Dangal na 2016 zai yi miki daɗi, labarin Mahavir Singh Phogat da ya koya wa 'ya'yansa mata kokawa har Geeta ta ci zinare a wasannin Commonwealth na 2010 a Delhi. Amma tunda kin ce aji kike shiga, wanda nake so ki gani kafin komai shi ne Taare Zameen Par na Aamir Khan, 2007. Yaro Ishaan, ɗan shekara 8, kullum shi ne na ƙarshe. Malamai sun ce malalaci ne, uba ya ce taurin kai ne, aka tura shi makarantar kwana don ya horu. Da aka ce ya tashi ya yi karatu, cewa ya yi haruffan rawa suke yi, aji ya fashe da dariya. Sai da wani malamin zane ya zauna ya bi littattafansa shafi-shafi ya lura kuskuren iri ɗaya ne yake maimaituwa, haruffa a juye. Larura ce da ake kira dislekisiya, ba ta da alaƙa da rashin basira, kuma da koyarwar da ta dace yaro yana iya karatu.

Na kalli fim ɗin nan ina da shekara fiye da ashirin a aji, na kasa cin abinci daren. Na tuna wani yaro da na koyar a aji uku. Duk inda b take sai ya rubuta d, duk inda d take sai ya rubuta b. Yaranmu ma nasu ya fi wuya, don ban da waɗannan biyun ga ɓ ga ɗ, haruffa huɗu masu kama da juna. Na dake shi ba sau ɗaya ba. Na kira shi daƙiƙi a gaban 'yan uwansa, na mayar da shi bencin baya. Yaron nan kuwa da waya da murfin kwalba yake ƙera mota mai sitiyari wadda tayoyinta ke juyawa, yara na bin sa a baya lokacin tara. Ina gani, ban taɓa haɗa wannan da wancan ba. Kafin ƙarshen shekara ubansa ya cire shi ya kai shi gareji. Ban sake ganinsa ba, kuma har yau in na idar da salla yana cikin waɗanda nake roƙon Allah ya sa su yafe mini.

Fim ɗin ya haura awa biyu da rabi, ki fara shi da wuri, ki kira abokan karatunki ku kalla tare. Ranar Litinin in kin shiga aji, ki karɓi littattafan yaran da ke bencin baya, ki zauna ki duba yadda kowannensu yake rubuta b da d da ɓ da ɗ.